Kifin Fari na Mutala

"To ka ce mini a'a mana! Buɗe baki ka ce, Haulatu, ba zan yi ba. In ji da kunnena, in san inda na kwana."

"Ban ce ba zan yi ba."

"Ba ka kuma ce za ka yi ba!"

Mutala yana zaune a bakin kujerar falo, safa ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannu. Tun da matar tasa ta fara yake riƙe da safar nan, bai sa ba, bai ajiye ba. A ƙasa, titin Muntaza ya cika da 'yan kallon ƙwallo, wasu da ganga, wasu da fenti a fuska kamar 'yan tashe. Duniya duk ta taru a Doha tana ihu, shi kuwa yana kallon safa.

"Baban Zahra, Inna ta sake kira da safe," in ji Haulatu, ta ɗan sassauta. "Ka ga wuyanta kuwa? Matar da aka yaye ta da romon tarwaɗa, yau fiye da shekara biyu tuwo da miyar kuka zalla. Ga teku nan a bayan gidanka. Kullum kana ɗibar ruwansa a kwalba kana leƙawa. Ƙugiya ɗaya ce ta gagare ka?"

"In sha Allahu."

"In sha Allahun nan taka ta tsufa, har ta yi furfura."

To, bari a warware wa wanda bai sani ba. Gidan su Mutala a Yawuri masunta ne tun kaka da kakanni, kuma suna da wata al'ada tasu ta cikin gida wadda ko maƙwabta ba sa yi. In mai gida ya rasu, matarsa ba ta ƙara sa kifi a baki sai babban ɗa ya shiga jirgi ya kamo da hannunsa. Wanda ya fara kamawa, shi ne na mamaci. Zai miƙa shi ga wanda ya fi kowa shekaru a jirgin ya riƙe ya sa albarka, a fito da shi tudu a yi sadaka, mabuƙata su ci. Na fari kaɗai. Na biyu kuwa na tukunya ne, ba shi da wata daraja. Malamai sun yi faɗa har sun gaji, wai ba ta cikin littafi. Inna, mahaifiyar Mutala, ta ce ta ji, Allah ya saka da alheri, ta ci gaba da abinta.

Malam Ado, uban Mutala, ya rasu ne a shekarar farko ta korona, lokacin da aka rufe sama aka rufe ƙasa. Mutala yana nan Doha yana bincike a kan tace ruwan gishiri, ba jirgin da zai hau. A waya ya halarci jana'iza. Ƙaninsa ne ya riƙe wayar, ya kuma riƙe ta a karkace, don haka abin da Mutala ya gani na binne ubansa shi ne ƙafafun mutane, da gefen gatari, da sararin sama. Da aka gama ya kashe wayar, ya wanke hannu da sabulu kamar yadda ake ta cewa a yi, ya koma bakin aiki. Bai yi kuka ba. Kun san yadda ƙafa take yi in an daɗe ana zaune a kanta, a mintsine ta ba ta ji? To haka mutumin nan ya zama gaba ɗayansa.

An buɗe hanya daga baya, sai ya ce hutu bai samu ba. Hutu ya samu, sai ya ce killacewar otal. Da Inna ta gaji ta aiko masa cewa ba sai kogin Kwara ba, ruwa duk na Allah ne, ko na gishiri ne ya jefa. Nan ma shiru.

"Ni abin da ya fi ci mini rai," in ji Haulatu, "ko fushi ba ka yi. Ruben in ransa ya ɓaci, buga ƙofa yake har kalandar Maman Eli ta faɗo. Kai kuwa sai ka ja ta a hankali kamar mai gudun tada jariri. Da itace nake aure?"

Mutala ya sa safar ta biyu. Ya fita, ya ja ƙofar a hankali.

Ruben ɗin nan maƙwabcinsu ne, ƙofa na kallon ƙofa, mutumin Pankshin, mai gyaran injinan asibiti. Matarsa Juliet, wato Maman Eli, nas ce, kuma ita da Haulatu in suka haɗa kai a kan matakala, babu wanda ya tsira a benen nan, daga mai gadi har matar mai shagon shayin karak. A wannan makon baƙi suka yi, tsofaffi biyu daga Kanada, mata da miji. Ƙanwar Ruben da ke aikin jinya a can ce ta yi jinyar tsohon lokacin da korona ta kwantar da shi, shi ne da suka tashi zuwa kallon ƙwallo ta ba su lambar yayanta. Ƙasarsu ta buga uku, ta sha kashi uku, na ƙarshe a hannun Maroko. Washegari, bayan an sauko daga Juma'a, Juliet ta yi girkin jaje ta gayyato maƙwabta.

Tsohon sunansa Wendal. Dogo ne, fari sol, rana ta gasa masa hanci ya yi ja kamar tattasai. Matar kuwa Dalin, gajeruwa, mai kitso biyu har baya, ba ta da yawan magana. Ita ba Baturiya ba ce sosai, wai mutanenta ne asalin masu ƙasar tun kafin Turawa su je.

Ƙwallo ba ta daɗe a bakinsu ba. Da ma wanda aka ci me zai ce? Ruben ya tsokane su kaɗan, Wendal ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas," wato magana ta ƙare, kalmar Larabcin da ya koya ke nan a sati biyu. Sai ya ciro waya. Ashe masunci ne na gani-kashe-ni.

"Wannan tafkinmu ne," ya ce. "Ga motata a kai."

"A kan ruwan?" in ji Haulatu.

"A kan ƙanƙara. Ruwan yana ƙasa. In sanyi ya kama sai ka tuƙa mota har tsakiya, ka kafa 'yar bukka, ka huda rami kamar bakin tulu, ka zura ƙugiya ka zauna."

"Ka zauna kana me?"

"Kana daskarewa," in ji Dalin.

Wendal ya ce kakansa daga wani tsibiri mai sanyi ya zo, da taru a buhu, ba ya jin ko kalma ɗaya ta Turanci. Da kifi ya ciyar da 'ya'ya tara. Shi Wendal aikin lantarki ya yi har ya yi ritaya, amma ko ranar aurensu sai da ya je ya duba ƙugiyoyinsa, ya zo coci yana ƙarni. Dalin ta gyaɗa kai, alamar ba ƙarya.

"Ita kuwa ba ruwanta da kifi," ya ce. "Maharbiya ce. Nuna musu."

Ta nuna wata dabba kwance a cikin ciyawa, mai ƙaho kamar rassan bishiya, wai mus ake ce mata. Juliet ta ce wannan ai raƙumi ne ya auri saniya. Aka yi dariya, ban da Mutala, wanda yake ta juya cokali a cikin shinkafa.

"Bindigar babana ce a hoton," in ji Dalin. "Shi ya koya mini tun ina ƙarama. Yadda ake bin iska, yadda ake kiran dabbar da ɓawon itace. A korona ya tafi. An rufe hanyar ƙauyenmu, ban je ba." Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin farashin tumatir. "Da kaka ta zagayo na ɗauki bindigar na shiga daji. Wannan ce ta fari. A wurinmu ba ka cin ta fari, rabawa kake yi wa tsofaffi gida gida. Sai da na ga wata tsohuwa tana tsotsar ɓargo, sannan na iya kuka."

Cokalin Mutala ya tsaya. Haulatu ta taka masa ƙafa a ƙarƙashin tebur, takun da ko jaki zai ji.

"Mahaifina masunci ne," ya ce.

Ruben ya juyo baki buɗe. Shekara nawa suna gaisawa a matakala, bai taɓa ji ba. "Dakta! Kai da nake zaton a cikin laburare aka haife ka?"

Wendal kuwa kamar an ba shi kyautar doki. Wane kogi? Wane kifi? Da me ake kamawa? Mutala ya amsa a gajarce: Kwara, giwan ruwa, mamari da homa. Tsohon ya ce gobe sun yi hayar jirgin ruwa daga gaɓar Wakra, su da Ruben, akwai wuri, dole ya zo.

"Zai je," in ji Haulatu.

Aka kira la'asar, Mutala ya tashi ya tsallaka gida yin salla, mata suka kwashi kwanuka suka shige kicin don a ci naman matar mai shagon karak. To, a nan ne fa aka yi rashin sa'a. Da Mutala ya ƙara zama kaɗan, da ya ji abin da Wendal ya gaya wa Ruben. Ruben ya ga hotunan manyan kifaye ya tambaya yaya ake cinye wannan duka. Tsohon ya ce ai ba a ci. Ƙanana ake kai wa tukunya. Babba uwa ce, ita ke cika tafki, hoto kawai ake yi a mayar da ita. Kuma a cikin abokansa, in mutum yana son ya girmama ka, sai ya miƙo maka babban da ya kama ya ce kai ka sake shi. Ruben ya ce lallai Turawa sun ƙoshi. Bai san da al'adar Yawuri ba, balle ya haɗa biyu da biyu.

Washegari da hantsi suna kan ruwa. Jirgin katako ne, mai shi wani Ba'indiye mai tsumma a ka. Teku ya kwanta lumui, benayen Doha can nesa kamar haƙoran mataji. Wendal ya fito da sandunansa masu ƙyalli da ya sha wahalar ɗaukowa tun daga Kanada, ya miƙa wa Mutala ɗaya. Mutala ya juya ta, ya mayar. Ya karɓi zare da ƙugiya a wurin mai jirgi, ya soka jatan lande, ya naɗa zaren a yatsa, ya sake.

Bai ji komai ba. Ya yi zaton in ya hau ruwa wani abu zai motsa, ko muryar tsohonsa, ko warin kwalta da ake liƙe jirgi da ita. Babu. Hannun ne kawai ya tuna abinsa, yana ɗagawa yana saki, kamar hannun wani aka ara masa. Ruben ya yi amai sau biyu ya ce shi ɗan dutse ne, uban wa ya aike shi. Dalin tana zaune a inuwa tana kallon tsuntsaye.

Sai zaren ya yi nauyi.

Ba fizga ba, nauyi, kamar an rataya turmi. Mutala ya miƙe, ya kafa ƙafa a gefen jirgi, ya fara ja hannu bayan hannu. Zaren ya yanke masa yatsa, bai kula ba. Mai jirgi yana ihu, "Yalla, yalla, hamur!" Kifin da suke kira hamur ɗin ya taso daga ƙasa, ƙato, mai ɗigo-ɗigo, baki kamar ƙwarya. Aka cicciɓo shi. Ruben ya manta da amai, ya ɗaga waya: "Dakta, riƙe shi sama! Yi murmushi mana, ba gawa ka ɗauko ba!"

Mutala ya riƙe, aka ɗauka. Sannan ya waiga ya dubi mutanen jirgin ɗaya bayan ɗaya. Mai jirgi bai wuce arba'in ba. Dalin ba ta kai mijinta shekaru ba. Ya tako wurin Wendal, ya ɗan rusuna, ya miƙa da hannu biyu.

"Baba," ya ce.

Tsohon ya dafa ƙirji. "Ni? Ka tabbata?"

Mutala ya gyaɗa kai, ya sunkuyar da ido yana jiran a sa albarka, ko da wane yare ne.

Wendal ya jiƙa hannuwansa tukuna. Ya karɓa a hankali kamar mai karɓar jinjiri ranar suna, ya zare ƙugiyar da ɗan ƙarfe, idonsa har ya kawo ruwa don jin daɗi. Ya durƙusa a inda gefen jirgin ya fi ƙasa, ya sa kifin a ruwa yana tallafe da cikinsa. "Je ki, uwa," ya ce, "ki haifo mana wasu." Ya buɗe hannu.

Kifin ya ɗan tsaya kamar bai yarda ba. Ya kaɗa wutsiya sau ɗaya, ya nutse.

Mai jirgi ya ɗora hannu biyu a ka. Ruben ya ce, "Kai! Miyar sati guda!" Mutala yana tsaye yana kallon wurin da ruwan ya rufe. Sai ya lura yatsarsa tana jini, ya sa a baki ya tsotsa. Gishiri.

Dalin ce ta gane akwai magana. Ta taso ta tsaya kusa da shi. "Na mene ne kifin nan?"

Ya gaya mata. Ya faɗa tiryan-tiryan kamar mai karanta sakamakon gwaji: uban, wayar, Inna, dattijon jirgi, sadaka. Wendal yana ji, jan hancinsa ya bazu har wuya.

"Ya Ubangiji. Ɗana, ban sani ba. Na ɗauka girmama ni ka yi."

"Girmama ka na yi, Baba."

"Mu sake jefawa! Yini guda muke da shi. Zan kama maka goma."

"Na fari kaɗai ne."

Dalin ta ce a wurinsu akan ba ruwa wani abu, ko ɗan ganyen taba, don a gode masa. Wataƙila babansa ya karɓa ta can.

"Mu a tudu muke bayarwa," in ji Mutala. "Sai mutum ya ci."

Ta koma inuwarta. Maharbiya ce, ta san in harsashi ya fita ya fita. Aka juya jirgi. Har suka iso Wakra tsohon nan bai ƙara taɓa sandunansa masu ƙyalli ba, Mutala kuwa har ɗan gyangyaɗi ya yi.

Tun daga matakala ya ji ƙamshin suya. Yana buɗe ƙofa Haulatu ta rangaɗa guɗa, da lalle sabo a hannu, ɗankwali ya zame.

"Sarkin ruwa! Ashe kana nan! Ruben ya turo wa Maman Eli hoton tun kuna can, ni kuwa ban tsaya ba na tura Yawuri. Baban Zahra, gidan ya kacame. An sayo giwan ruwa, an ɗora tukunya, Inna har da rawa. Ina yake? Ko kun biya kun bayar?"

"Ya koma ruwa."

"Wa?"

Ya gaya mata, da muryar nan tasa. Mai yana ta ƙara a kasko, ba wanda ya je ya rage wuta.

"Ka miƙa wa Bature," ta ce a hankali. "Ba ka ce masa komai ba. Ka miƙa kawai."

"Shi ne babba a jirgin."

"Baki fa? Bakin nan da Allah ya tsaga maka, na mene ne? Kalma uku! Na sadaka ne! Ko Ruben ka gaya wa?"

"Ban gaya masa ba."

"To saurara." Ta matso, ta rage murya kamar bango na da kunne, kuma a benen nan yana da shi. "Ka kama ko ba ka kama ba? Ka kama. Hoto ya nuna. Sauran ba wanda ya gani sai Allah da Ba'indiye. Ka bar tsohuwa ta ci abinta."

"Ba a yi sadakar ba."

"Sai ka sayi wani a kasuwa ka bayar!"

"Na fari kaɗai ne."

"Yau kuma kai ne mai riƙon al'ada? Shekara biyu tana ina?"

Wayar da ke jingine da gwangwanin sukari ta hau ruri. Haulatu ta riga shi. Fuskar Inna ta cika gilashin, an riƙe wayar a karkace kamar kullum. Ta rame ƙwarai, wuyan duk jijiya. Amma leɓenta yana ƙyalli da mai, ga ƙaya a gefen kwano ta tsotse ta fes, bayanta jikoki suna ta hayaniya.

"Ina ɗan albarkan? Mutala! Ka sauke mini, Allah ya sauke maka. Ka ga girman abin! Ubanka ma sai ya yi da gaske." Ta lashi yatsa. "Yau zai kwana da sanyi a kabarinsa. Wa aka ba?"

Mutala ya buɗe baki.

"Leburori, Inna," in ji Haulatu, ko ƙiftawa ba ta yi ba. "Can wata unguwa, Asian Town, bayin Allah masu aikin gini a rana. Sun yi ta addu'a."

"Alhamdu lillahi. Sun ci dai?"

"Sun ci, Inna. Har ƙaya."

Inna ta yi dariya, ta kai wata loma. Mutala yana kallon bakin uwarsa yana taunawa. Ga maganar a kan harshensa, gajeruwa, in ya faɗa sai lomar nan ta dawo kwano, kuma babu wani kifin fari a duniya da zai sake kamowa. In bai faɗa ba, tsohonsa ya tafi ke nan ba a ba kowa komai ba.

A nan ne ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta ta fara farkawa. Kun san ba daɗi take yi ba. Ta fara daga yatsar da zare ya yanka, ta hau hannu, ta cika ƙirji, kamar an zuba masa allurai.

"Mutala, ba ka ce komai ba," in ji Inna. "Ko layin ne?"

"Layin ne, Inna," in ji Haulatu, tana harararsa ta gefen ido. "Gajiya ce kuma. Baban Zahra, yi wa Inna magana mana."

Ya dubi matarsa, ya dubi wayar. Ya juya, ko takalmi bai tsaya nema ba, ya fizgi ƙofar ya fita, ya maka ta da ƙarfin da sai da gwangwanin sukari ya yi tsalle, wayar ta kife a kan fuskarta.